YADDA AKA KORI MASU GABATAR DA ƘARA TARA A AMURKA, KUMA BA A SAMI KOWA DA LAIFI BA

Masu bibiyar labaran Amurka sun ga yadda a 2025 aka riƙa sauke manyan masu gabatar da ƙara na tarayya ana ɗora wasu, har maganar ta kai gaban alƙalai. Na ga wasu a nan suna cewa ai ba a taɓa yin irin wannan a Amurka ba, wasu kuma na cewa ai kullum haka ake yi, kowane shugaba ya zo sai ya zuba nasa. Duka maganganun biyu akwai gyara a cikinsu. Wanda yake son ya gane inda aka fito, sai ya koma 2006, zamanin George W. Bush, lokacin da korar mutum tara ta ci kujerar Antoni Janar sukutum. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Bari mu fara da shi kansa ofishin. An raba Amurka zuwa gundumomin shari'a na tarayya guda 94, kuma akwai manyan masu gabatar da ƙara 93 da ke riƙe da su, domin mutum ɗaya ne ke kula da gundumomi biyu na tsibiran Guam da Mariana ta Arewa. Duk laifin da ya taɓa dokar tarayya, cin hancin 'yan siyasa ne, safarar ƙwaya ce, ta'addanci ne ko maguɗin zaɓe, a teburinsu yake sauka. Hukumar FBI za ta yi bincikenta, amma wannan mutumin ne zai ce a kai kotu ko a rufe fayil. Ofishin ya girmi ita kanta Ma'aikatar Shari'a: an kafa shi a 1789, ma'aikatar kuwa sai a 1870. Shugaban ƙasa ne ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta tabbatar, wa'adinsu shekara huɗu. Yawanci ma sanatocin jiha na jam'iyya mai mulki ne ke kawo sunan. Ka ga kenan tun daga ƙofar shiga siyasa tana ciki, babu mai musun wannan.

A 1940 Antoni Janar na lokacin, Robert Jackson, ya tara su a Washington ya yi musu wani jawabi da har yau lauyoyin ƙasar ke komawa kansa. Abin da ya nuna musu shi ne, dokoki sun yi yawan da idan aka sa wa mutum ido, da wuya a rasa wani abin da za a kama shi da shi. Saboda haka babban haɗarin aikinsu shi ne mai gabatar da ƙara ya fara zaɓar mutumin da yake son gani a kurkuku, daga baya ya shiga lalube cikin littattafan doka yana neman laifin da zai liƙa masa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta fuskar doka kuwa, babu wata jayayya. Tun 1897 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani Lewis Parsons, mai gabatar da ƙara a Alabama da shugaba Grover Cleveland ya sauke kafin wa'adinsa ya cika, ta ce shugaban ƙasa na da ikon yin haka. Ba sai ya faɗi dalili ba. Shi ya sa duk sabon shugaba, musamman idan jam'iyya ta canza, yake share kusan duka ya kawo nasa. A watan Maris na 1993 Janet Reno, Antoni Janar ɗin Bill Clinton, ta nemi kusan dukansu su ajiye aiki lokaci guda. Bush ma ya sauya su a 2001. Wannan an saba da shi. Abin da ba a saba da shi ba shi ne shugaba ya kai tsakiyar mulkinsa, ya dubi mutanen da shi da kansa ya naɗa, 'yan jam'iyyarsa, ya tsinci wasu ɗaiɗai ya ce su tafi. A nan ne tambaya ke tashi: me wannan ya yi, ko me ya ƙi yi, da sauran ba su yi ba?

An ɗanɗana irin haka a baya. A ranar 20 ga Oktoba 1973 Richard Nixon ya ba da umarnin a kori Archibald Cox, mai bincike na musamman a badaƙalar Watergate. Antoni Janar Elliot Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa William Ruckelshaus shi ma ya ƙi, ya bi bayansa. Sai na uku, Robert Bork, ya zartar. Ba a cika shekara ba Nixon ya sauka. Kuma kada wani ya ɗauka ciwon jam'iyya ɗaya ne. A 1978 gwamnatin Jimmy Carter ta sauke David Marston a Philadelphia bayan wani ɗan majalisa na Demokrat, Joshua Eilberg, ya buga wa Carter waya yana neman a gaggauta cire shi. Ashe ofishin Marston na binciken shi Eilberg ɗin ne. Daga baya ya amsa laifi a kotu.

To, mu zo kan 2006.

A ranar 7 ga Disamba, wani jami'in Ma'aikatar Shari'a mai suna Michael Battle ya ɗauki waya ya kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya ce musu ana so su miƙa takardar ajiye aiki. Su ne David Iglesias na New Mexico, Carol Lam ta San Diego, John McKay na Seattle, Paul Charlton na Arizona, Daniel Bogden na Nevada, Kevin Ryan na San Francisco da Margaret Chiara ta yammacin Michigan. Ba a faɗa musu dalili ba. Kafin su, a cikin shekarar, an riga an cire Bud Cummins na Arkansas da Todd Graves na Missouri a asirce. Tara kenan. Dukansu Bush ne ya naɗa su.

Asalin shirin ya faro ne a farkon 2005, bayan Bush ya ci zaɓe karo na biyu. Lauyar Fadar White House, Harriet Miers, ta kawo shawarar a sauke duka 93 ɗin. Aka ga abin zai yi yawa. Sai aka ɗora wa wani matashin lauya, Kyle Sampson, wanda ya zama shugaban ma'aikatan ofishin sabon Antoni Janar Alberto Gonzales, aikin tace sunaye. A wani saƙon imel da ya fito fili daga baya, Sampson ya siffanta mafi yawansu da cewa suna aiki da kyau kuma 'yan amanar Bush ne, sauran kaɗan ɗin ne za a duba. A nan aka fara kuskure babba, domin an haɗa ƙwazon aiki da biyayya ga maigida a ma'auni ɗaya. Kusan shekara biyu jerin sunayen na yawo tsakanin ma'aikatar da fadar shugaban ƙasa, yau a saka wane, gobe a cire wane. Abin dariya, Patrick Fitzgerald na Chicago, wanda kowa ya san yana cikin gwanaye, an jefa shi a rukunin waɗanda ba su yi wani fice ba. A daidai lokacin yana binciken fadar ce kan fallasa sunan wata jami'ar CIA, binciken da ya kai ga tuhumar Scooter Libby, na hannun daman mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney.

Da a ce sun yi shiru bayan korar, mai yiwuwa da maganar ta mutu. Waɗanda aka kora 'yan jam'iyya ne masu biyayya, yawancinsu sun tattara kayansu ba tare da sun ce uffan ba. Abu biyu ne ya ɓata lissafi. Na farko, a zaɓen Nuwamba 2006 'yan Demokrat sun karɓe majalisun biyu, wato kwamitocin bincike da ikon aika sammaci sun koma hannunsu. Na biyu, a ranar 6 ga Fabrairu 2007 mataimakin Antoni Janar, Paul McNulty, ya je gaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa ya ce, ban da Cummins, an sallami mutanen ne saboda gazawa a aiki. Haba! Ka kori mutum ba dalili, ya haɗiye, sannan ka fito bainar jama'a ka ce bai iya aiki ba? Lauya kuwa sunansa ne jarinsa. Sai ga shi takardun tantance aikin da ita kanta ma'aikatar ta yi wa yawancinsu suna cike da yabo. Daga nan suka fara magana.

Wanda labarinsa ya fi nauyi shi ne David Iglesias. Hafsan sojan ruwa ne na ko-ta-kwana, ɗan Rifablikan na gaske, kuma a jerin farko na Sampson a watan Maris 2005 yana cikin waɗanda aka ce a riƙe su da kyau. Matsalarsa ta faro ne daga gida. Shugabannin jam'iyyar a New Mexico sun dage cewa an yi maguɗi wajen rajistar masu zaɓe a 2004, suna so a gurfanar da mutane. Iglesias ya kafa kwamiti tare da FBI, aka bi ƙorafe-ƙorafen, ya ce bai ga shari'ar da zai iya ci a gaban kotu ba. Ita ma'aikatar a Washington ba ta ga laifinsa ba a lokacin, har gayyatarsa ta yi a 2005 ya koyar da sauran lauyoyi yadda ake binciken laifukan zaɓe. Amma 'yan jam'iyya ba su yafe ba. Suka riƙa kai ƙararsa wajen Karl Rove, babban mai tsara wa Bush siyasa.

Sai ga Oktoban 2006. Ofishin Iglesias na binciken wata almundahana a kwangilar gina kotu a birnin Albuquerque, wadda ta shafi Manny Aragon, tsohon shugaban majalisar dattawan jihar kuma jigo a Demokrat. A lokacin 'yar majalisar wakilai ta Rifablikan, Heather Wilson, tana cikin zazzafar takara da Patricia Madrid ta Demokrat. Idan tuhumar ta fito kafin zaɓe, ba sai an faɗa maka wanda zai ci riba ba. Wilson ta kira Iglesias tana tambayarsa ko akwai wasu takardun tuhuma da aka rufe. Ya kauce. Bayan kamar kwana goma sai Sanata Pete Domenici, wanda shi ne ya tsaya masa har ya sami muƙamin, ya kira shi a gida. Kamar yadda Iglesias ya shaida wa majalisa bisa rantsuwa, sanatan ya tambaye shi ko za a shigar da tuhumar kafin Nuwamba. Ya ce masa bai jin haka. Sanatan ya ce bai ji daɗin jin wannan ba, sai layi ya katse.

Ku duba kwanakin. An yi wayar a ƙarshen Oktoba. An yi zaɓe ranar 7 ga Nuwamba, Wilson ta sha da ƙyar da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 900 ba. A farkon Nuwamban nan sunan Iglesias ya bayyana a jerin Sampson karo na farko. Ranar 7 ga Disamba aka kira shi. Shugaban jam'iyyar na jihar, Allen Weh, da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida cewa ya tambayi Rove a wani taro a fadar shugaban ƙasa a watan Disamba ko za a yi wani abu a kan mutumin nan, Rove ya ce masa ai an gama da shi. Da aka matsa wa ma'aikatar ta kawo dalili, sai ta ce wai Iglesias ba ya zama a ofis. Ina yake zuwa? Aikin sojan ruwa, wanda doka ta wajabta masa kuma ta hana a hukunta ma'aikaci a kansa.

Abin da ya fi ba ni haushi a nan shi ne, binciken Aragon ba na ƙarya ba ne. An shigar da tuhumar a watan Maris 2007, kuma a 2008 Aragon ya amsa laifi, daga baya aka ɗaure shi. Wato Iglesias bai kare ɓarawo ba. Laifinsa kawai ya ƙi daidaita agogon kotu da agogon zaɓe. Gaskiya dai shi ma akwai inda ya gaza: ƙa'idar ma'aikata ta ce duk wanda ɗan majalisa ya kira kan shari'ar da ake bincike ya kai rahoto Washington, shi kuwa bai kai ba, kuma ya amsa hakan.

John McKay na Seattle ma zaɓe ne ya biyo ta kansa. A 2004 an yi takarar gwamnan jihar Washington tsakanin Christine Gregoire ta Demokrat da Dino Rossi na Rifablikan. An ƙirga sau uku, a ƙidaya ta hannu Gregoire ta ci da ƙuri'a 129. 'Yan Rifablikan suka ce maguɗi ne. McKay ya duba tare da FBI ya ce bai ga hujjar aikata laifin tarayya ba. Ya ce da ya je neman kujerar alƙali a 2006, a fadar shugaban ƙasa an tambaye shi dalilin da ya sa 'yan jam'iyya a jiharsa ke fushi da shi. Bai sami alƙalancin ba, aikin ma ya rasa.

Sauran a taƙaice. Cummins an cire shi ne kawai don a samar wa Tim Griffin, tsohon yaron Rove, wuri, kuma McNulty da kansa ya amsa cewa ba gazawa ba ce. (Griffin ɗin nan shi ne ya zama Antoni Janar na jihar Arkansas a 2023, duniya kenan.) Charlton ya yi ta-in-ja da Washington kan neman hukuncin kisa a wata shari'ar da ba a ga gawa ba. Ryan kam ofishinsa ya rikice da gaske, shi ne guda ɗayan da kusan kowa ya yarda akwai dalilin cire shi. Bogden kuwa har aka gama bincike babu wanda ya iya cewa ga wanda ya sa sunansa ko ga dalili. Obama ya mayar da shi kujerarsa a 2009.

Batun Carol Lam yana buƙatar adalci, domin a nan ne masu sukar Bush suka ɗan wuce gona da iri. Ita ce ta gurfanar da ɗan majalisa Randy Cunningham na Rifablikan, wanda ya amsa karɓar cin hancin dala miliyan 2.4 aka ɗaure shi shekara takwas da wata huɗu. Binciken nata ya miƙe har ya taɓa Kyle Foggo, mutum na uku a CIA, kuma ta shigar da tuhumarsa kwana biyu kafin ta bar ofis. Kowa ya ce shi ke nan, don haka aka kore ta. Amma binciken da aka yi daga baya bai sami hujjar haka ba. Abin da aka samu shi ne an daɗe ana gunaguni cewa ofishinta, da yake kan iyakar Meziko, ba ya shigar da ƙararrakin baƙin haure da na bindigogi da yawa. Wannan kuwa saɓani ne kan manufa, kuma shugaban da jama'a suka zaɓa yana da haƙƙin ya ce ga laifukan da yake so a fi ba ƙarfi. Sai dai ba wanda ya zaunar da ita ya ce ta gyara ko ta tafi. A ganina nan ne iyakar take. Shugaba ya ce a matsa wa masu safarar ƙwaya, wannan mulki ne. Ya ce a kama wane kafin zaɓe, ko a ƙyale wane domin namu ne, wannan shi ne abin da Jackson ya yi gargaɗi a kai tun 1940.

Akwai kuma wata ƙofar baya da aka buɗe ba tare da yawancin 'yan majalisa sun lura ba. A dā, idan kujerar ta zama babu kowa, Antoni Janar zai naɗa na riƙo na kwana 120, idan suka cika ba a tabbatar da kowa ba, alƙalan gundumar ne za su naɗa. A watan Maris 2006, wajen sabunta dokar yaƙi da ta'addanci ta Patriot, aka soka wani ɗan sashe da ya cire iyakar kwanakin. Ma'ana Antoni Janar zai iya ɗora wanda ya ga dama ya zauna har ƙarshen mulki, ba tare da ya bi ta Majalisar Dattawa ba. Da wannan aka ɗora Griffin, kuma imel ɗin Sampson ya nuna dabarar ita ce a yi ta jan sanatocin Arkansas da magana har lokaci ya ƙure. Wannan ne ya harzuƙa har sanatocin Rifablikan, domin cin tuwonsu aka taɓa. Majalisar Dattawa ta soke sashen da ƙuri'a 94 da 2, Bush ya sa hannu a watan Yuni 2007.

Shi kuwa Gonzales, bakinsa ne ya kashe shi. A farkon Maris ya rubuta a jarida cewa magana ce ta ma'aikata da aka kambama. Ranar 13 ga Maris ya ce an yi kurakurai, amma shi bai shiga tattaunawar ba. Sai takardu suka nuna ya halarci taron 27 ga Nuwamba 2006 inda aka amince da shirin. Sampson, wanda ya riga ya ajiye aiki, ya je majalisa ya ce maganar maigidansa ba daidai ba ce. Ranar 19 ga Afrilu Gonzales ya zauna gaban sanatoci, ya ce bai tuna ba fiye da sau 60 a zama ɗaya. Babban lauyan ƙasa fa, ana tambayarsa yadda aka kori manyan jami'ansa wata huɗu da suka wuce. Sanata Tom Coburn, ɗan jam'iyyarsu, ya dube shi ido da ido ya ce ya kamata ya sauka. Wata hadimarsa, Monica Goodling, da farko ta ƙi magana don kada ta ɗaure kanta da bakinta. Da aka ba ta kariya, ta amsa cewa ta ƙetare iyaka wajen duba jam'iyyar mutane kafin a ɗauke su aikin da doka ta ce ba na siyasa ba ne. McNulty ya tafi, Battle ya tafi, Rove ya bar fadar a watan Agusta, Gonzales ya sanar da murabus ranar 27 ga Agusta 2007.

Fadar shugaban ƙasa ta hana Miers da shugaban ma'aikata Joshua Bolten amsa sammaci. A watan Fabrairu 2008 Majalisar Wakilai ta same su da raina majalisa, ta kai ƙara, alƙali John Bates, wanda Bush ne ya naɗa shi, ya ce babu wata cikakkiyar kariya da ta hana hadiman shugaba bayyana. Duk da haka sai a 2009, bayan Bush ya sauka, Rove da Miers suka ba da bahasi, shi ma a bayan ƙofa.

A ƙarshen Satumba 2008 babban mai binciken cikin gida na ma'aikatar, Glenn Fine, tare da ofishin ɗa'ar lauyoyi suka fitar da rahoto mai shafi kusan 400. Suka ce tsarin korar gurɓatacce ne tun daga tushe, Gonzales da McNulty sun yi sakaci da aikinsu, dalilan da aka faɗa wa majalisa wasu ba gaskiya ba ne, kuma korar Iglesias ce ta fi tayar da hankali domin ƙorafin 'yan siyasa ne ya jawo ta. Game da McKay sun fi karkata ga wani saɓani da ya yi da McNulty kan tsarin musayar bayanan 'yan sanda. Na Graves kuwa abin kunya ne: rigima ce tsakanin hadiman Sanata Kit Bond da ofishin ɗan'uwan Graves, wanda ɗan majalisa ne, shi kuma ya ƙi shiga, sai aka huce a kansa. Masu rahoton sun ce ba su kai ƙarshen zance ba domin Rove, Miers, Goodling da Domenici sun ƙi zama da su.

Sabon Antoni Janar Michael Mukasey ya naɗa Nora Dannehy ta duba ko akwai laifin da za a kai kotu. A watan Yuli 2010, lokacin Obama na mulki, aka rufe binciken. Sakamakon: an cire Iglesias saboda siyasa, hakan ya saɓa wa ƙa'idojin ma'aikatar, amma ba laifi ba ne a doka. Ba a tuhumi kowa ba. Domenici dai kwamitin ɗa'a na Majalisar Dattawa ya ɗan ja masa kunne a 2008, shi ke nan.

Wannan sakamakon ne, a ganina, ya fi korar kanta muhimmanci. Ya tabbatar a rubuce cewa abin da ke tsare mai gabatar da ƙara daga fushin 'yan siyasa al'ada ce da kunya da tsoron majalisa, babu wata doka a bayansa. A 2007 waɗannan sun yi aiki saboda majalisa na hannun 'yan adawa, kuma an sami 'yan jam'iyya mai mulki da suka ce abin ya yi yawa. Sannan akwai tambayar da ba wani rahoto da zai iya amsawa. An kori tara, saura 84. Kowannensu ya ga abin da ya sami Iglesias. Ba sai an sake buga wa kowa waya ba. Ko a Missouri an ga alama: Bradley Schlozman, wanda aka ɗora a kujerar Graves ba tare da tantancewar sanatoci ba, ya shigar da tuhumar maguɗin rajista kan wasu ma'aikatan wata ƙungiyar rajistar masu zaɓe saura 'yan kwanaki a yi zaɓen sanata mai zafi, alhali littafin ƙa'idar ma'aikatar ya ce a guji irin haka dab da zaɓe. Ko da tuhumar gaskiya ce, wa zai yarda?

Mu a Najeriya da muka ɗauko tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, abin bai yi mana nisa ba. Sashe na 150 na kundin 1999 ya haɗa Antoni Janar da minista a jikin mutum ɗaya, sashe na 174 kuma ya ba shi ikon karɓe ko dakatar da shari'ar laifin tarayya kafin a yanke hukunci. A Disambar 2007 ɗin nan dai, makonni kaɗan bayan EFCC ta kama James Ibori, aka ce Nuhu Ribadu ya tafi Kuru karatu. Kotu a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhumen Ibori a 2009, a 2012 ya amsa laifi a Landan aka yanke masa shekara 13. Mu ma ba a ce wani ya karya doka ba.

Can Amurka kuwa abin ya ci gaba. A watan Maris 2017 Jeff Sessions ya nemi mutum 46 da suka rage daga zamanin Obama su sauka, wanda wannan irin sharar farkon mulki ce da aka saba, duk da cewa Preet Bharara na Manhattan ya ƙi sai da aka kore shi. Na Yuni 2020 daban ne: William Barr ya sanar da dare cewa Geoffrey Berman, wanda ofishinsa ya gurfanar da Michael Cohen kuma yake binciken Rudy Giuliani, zai sauka. Berman ya fito ya ce shi bai yi murabus ba. Washegari aka kore shi. A Fabrairu 2025 Danielle Sassoon ta ajiye aiki a wannan ofishin dai, maimakon ta janye tuhumar magajin garin New York, Eric Adams, kamar yadda aka umarce ta.

Sai Satumba 2025. Erik Siebert na gabashin Virginia, wanda gwamnatin Trump ce ta ɗora shi, bai shigar da tuhuma kan Letitia James, Antoni Janar ta jihar New York, ba. Trump ya faɗa wa 'yan jarida a fili cewa yana so a cire shi, Siebert ya tafi. Abin da a 2006 aka ɓoye a imel, aka yi shekara biyu ana tono shi da sammaci, yanzu a gaban kyamara ake faɗa. Aka ɗora Lindsey Halligan, tsohuwar lauyar Trump da ba ta taɓa gabatar da ƙarar laifi ba. Cikin 'yan kwanaki aka tuhumi tsohon shugaban FBI James Comey, a watan Oktoba aka tuhumi James.

Ranar 24 ga Nuwamba 2025 alƙaliya Cameron Currie ta yi watsi da tuhume-tuhumen biyu. Hujjarta ita ce dokar kwana 120 ɗin nan da majalisa ta dawo da ita a 2007 saboda Tim Griffin: kwanakin sun riga sun ƙare a kan Siebert, don haka alƙalan gundumar ne ke da ikon naɗa na riƙo, naɗin Halligan bai halatta ba. Gwamnati ta ce za ta ɗaukaka ƙara. Hukuncin ya tsaya ne kan yadda aka ɗora Halligan, bai ce komai ba kan dalilin da ya sa aka cire Siebert.